Ravelco a jikin akori-kura mai ɗauke da ɗakin tafi-da-gidanka: abin da take tsarewa a filin ajiya da abin da ya fi ƙarfinta

A arewacin Amurka da Kanada, da zarar hunturu ya ƙarato wajen Oktoba ko Nuwamba, masu yawon shaƙatawa kan kai akori-kurarsu filin ajiya na haya, da ɗakin kwanan da ke ɗaure a bayanta, ba za a sake tayar da ita ba sai Afrilu ko Mayu. Unguwanni da yawa suna da dokar da ta hana ajiye irin wannan mota a ƙofar gida, ga shi in an haɗa da ɗakin tsayinta kan kai mita uku da rabi, ba garejin gidan da zai ɗauke ta. Wata biyar ko shida ke nan mota tana wuri guda, kuma duk wanda ya kalle ta ya san mai ita ba ya kusa. Ƙungiyar NICB, wadda ke bibiyar laifukan da suka shafi inshora a Amurka, ta ƙidaya motoci sama da miliyan ɗaya da aka sace a 2022, haka ma a 2023. A 2021 da 2022 manyan akori-kura na Chevrolet da Ford ne suka zo na ɗaya da na biyu a jerin motocin da aka fi sacewa.

Na'urar Ravelco, wadda ake sakawa don hana satar mota, tana cikin abubuwan da masu irin waɗannan motoci suka fi ambata. Hukuncinmu a kanta tun daga farko shi ne: wajen hana a tayar da injin a tuƙa motar a fita da ita, tana yin aikinta, kuma ta fi ƙararrawa dacewa da motar da za ta daɗe a ajiye. Amma rabin matsalar kawai ta ɗauke. Ɗakin da ke baya, da kayan cikinsa, da abin da ke ƙarƙashin motar, babu ruwanta da su.

Yadda aka ƙera ta

Kamfanin yana yankin Houston a jihar Texas, kuma tun 1976 yake yin wannan na'ura. Ba wani abu mai rikitarwa ba ce. Soket ne ake kafawa a jikin dashbod ko ƙasansa, da wani ɗan fulogi mai haƙora 16 da ake cusawa a ciki. Daga bayan soket ɗin wayoyi ke fita a cikin bututun ƙarfe, su ratsa bangon da ya raba wurin zama da injin, su shiga cikin wayarin motar. Mai sakawa zai yanke wasu layuka da injin ba zai tashi ba sai da su, kamar na sitata, na wutar injin, ko na famfon mai, ya bi da su ta cikin soket ɗin. Fulogin ne ke haɗa kowane haƙori da abokinsa. In yana ciki, mota lafiya lau. In ka zare shi ka rataya a makullinka, layukan a yanke suke.

Wayoyin duk baƙaƙe ne iri ɗaya, babu mai launi, babu mai lamba, kuma ba dukansu ke ɗauke da aiki ba. Wanda ya yanke bututun zai tarar da tarin wayoyi da bai san wacce ke tafiya da wacce ba. Kamfanin ya ce tsarin haɗin haƙoran ya haura iri 100,000, don haka fulogin wata motar ba zai tayar da taka ba. Yana kuma cewa ba a taɓa sace motar da aka saka wa na'urar yadda ya kamata ta hanyar karya ta ba. Wannan maganar mai sayarwa ce, a ɗauke ta a haka. Ba a sayar da ita a kanti mutum ya saka da kansa. Wakilan kamfanin ne ke sakawa, da yawansu har gida suke zuwa, aikin sa'o'i kaɗan ne, kuma kuɗin 'yan ɗaruruwan dala ne gwargwadon mota da wakili. Fulogi biyu ake bayarwa.

Dalilin da ya sa ta dace da ajiya

Ba ta cin wuta ko kaɗan. A nan ta bar sauran a baya, kuma sai an yi lissafi ake ganin muhimmancin hakan. Motar zamani ko tana kashe tana jan wuta daga batir, yawanci tsakanin miliamfiya 20 zuwa 50, saboda agogo da rediyo da kwamfutocinta. Miliamfiya 50 sau sa'a 24 sau kwana 30 ya ba da amfiya-awa 36 a wata ɗaya. Batirin akori-kura guda bai cika wuce amfiya-awa 70 zuwa 80 ba. Ƙara masa ƙararrawa da na'urar bin sawu mai shan wuta daga mota, sannan ka tuna cewa ɗakin baya ma yana da nasa abubuwan da ba sa barci, kamar mai jin ƙamshin gas, waɗanda a wasu motocin suke iya zuƙe batirin gaba in ba a raba layin caji ba. Kafin wata na biyu ya ƙare batir ya kwanta. Ƙararrawar da aka dogara da ita ta mutu tun Disamba, mai mota yana gida yana zaton tana gadi. Ga wata asarar kuma: batirin da ya sauka ƙasa yana daskarewa ya tsage a sanyin da cikakken batir mai bolt 12.6 ba zai ji komai ba.

Shi ya sa masu ajiya da yawa ke kwance kan batir na baƙar waya, ko su ɗauke batirin gaba ɗaya su kai gida su sa shi a caja mai kula da shi. Motar dizal ta Ford batir biyu gare ta a haɗe, dole a kwance duka biyun, in ka bar ɗaya ba ka yi komai ba. Cire batir yana kashe ƙararrawa, amma ba ya taɓa Ravelco. Ɓarawon da ya zo da nasa batirin zai ga fitilun dashbod sun kama, ya murɗa, shiru.

Motocin da suka fi buƙatarta

Ɗakin baya mai kauri irin na Lance ko Arctic Fox ko Northern Lite nauyinsa kan tashi daga tan ɗaya zuwa biyu in an cika shi da kaya, don haka sai manyan motoci irin F-250 da F-350 da Silverado 2500 da Ram 3500 ke ɗaukarsa. A cikinsu akwai wadda ta yi ƙaurin suna: Ford Super Duty ƙirar 1999 zuwa 2007. Waɗannan ba su da makulli mai ɗan guntun lantarki da kwamfutar injin ke tantancewa, sai daga ƙirar 2008 Ford ta saka musu. Hanyar sace su sananniya ce. Ana cusa sukundireba a ƙasan mariƙin ƙofa a ture sandar kulle, a shiga, a fasa wurin makulli a jikin sitiyari a murɗa. Ga wanda hannunsa ya faɗa, aikin minti ɗaya ne ko biyu. Kuma masu injin dizal na lita 7.3 da 6.0 har yanzu kayan gyaransu na da kasuwa. Mai irin wannan mota da zai bar ta wata biyar a fili ba tare da wani abin da ke yanke injin ba, ganganci yake yi. Ya haɗa da farantin ƙarfe na Jimmi' Jammer da ake ɗaurawa ta cikin ƙofa a bayan mariƙin, wanda ke tare sukundireban. Kayan ba tsada, aikin kuma kwance murfin ƙofa ne kawai.

Sababbin motoci matsalarsu daban. Satar da ake yi ta kamo siginar makulli daga cikin gida a miƙa wa mota ba ta cika shafar filin ajiya ba, tunda makullin yana nesa da kilomitoci. Abin tsoro shi ne soket ɗin OBD da ke ƙasan sitiyari, inda makanikai ke jona na'urar gano matsalar mota, wanda motocin Amurka ke da shi tun 1996. Ɓarawo ya fasa gilashi, ya jona na'urarsa, ya koya wa motar sabon makulli cikin 'yan mintuna. Wasu kuma ta bonet suke bi, su yanke wayar oda, su cire kwamfutar injin su sa tasu da suka zo da ita a shirye. Duk waɗannan dabaru yaudarar kwamfuta ne, su sa ta yarda cewa mai mota ne ya zo. Ravelco ba ta tambayar kwamfuta komai. Waya ce a yanke, ko kwamfutar ta yarda wutar ba za ta wuce ba.

Inda take da rauni

Ingancinta gaba ɗaya yana hannun wanda ya saka ta. In ya yi ha'inci ya yanke layin sitata kaɗai, ɓarawon da ya san mota zai buɗe bonet ya ba sitata wuta kai tsaye, injin ya tashi. In ya bar mahaɗan a fili, sabon tef yana sheƙi a kan tsohon wayarin, ya nuna wa ɓarawo inda zai sake haɗawa. Wannan ya fi zama abin damuwa a filin ajiya fiye da bakin kasuwa, domin a nan ɓarawo yana da dare guda cur, wani lokaci ma ya tafi ya dawo gobe da kayan aiki. Mai wayarin da ya ƙware, in aka ba shi sa'o'i da tocila, zai iya bin layi har ya gano. Na'urar tana sa aikin ya yi tsawo ne ya yi wuya, har ɓarawo ya ga gara motar da ke gefe.

Saboda haka kafin mai sakawa ya tafi, a tambaye shi layi nawa ya yanke, kada su gaza biyu, kuma ɗaya ya zama na mai ko na wutar injin. A tabbatar an yi wa mahaɗan dalma an rufe su da robar da ke matsewa da zafi, ba murɗawa da tef kawai ba. A jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, mahaɗin da ba a rufe da kyau ba yana tsatsa, kuma ranar da zai saki, mota za ta mutu a kan hanya da tan biyu a bayanta. A gwada a gabansa: a zare fulogi a murɗa makulli, sannan a mayar a tayar sau da yawa, a girgiza fulogin injin yana aiki a ga ko zai yi tuntuɓe. A wasu motocin murɗa makulli ba fulogi yana kunna fitilar gargaɗin injin, wannan ba lalacewa ba ce, amma gara a sani tun wuri.

Sauran ƙorafe-ƙorafen na yau da kullum ne. Tayar da mota da rimot daga nesa ba zai yi ba in fulogin yana aljihu. In duka biyun suka ɓata sai an nemi wani daga kamfanin, mota na zaune. Sabuwar mota mai garanti kuma, dila na iya ɗora wa yankan wayar laifin duk wata matsalar lantarki, don haka a tambaya kafin a taɓa. Babban abin da ke kashe amfaninta dai halin mutane ne: a gaji da cirewa a bar fulogin a soket, ko a ɓoye na biyun a aljihun dashbod. Na biyun gida ne wurinsa.

Shin ba za a iya yin wannan da araha ba? Za a iya, zuwa wani mataki. Zare rile (ɗan makunnin lantarki da ake cusawa) na famfon mai ko na sitata daga akwatin fiyus kyauta ne. Sai dai ramin da babu komai a ciki yana bayyana da an ɗaga murfin, kuma rile na oda ko na iyakwandishan sau da yawa irinsu ɗaya, a ciro a mayar kawai. Masu dabara kan sa mataccen rile a gurbin don kada a ga rami. A injin dizal a kula: yanke famfon mai ba lallai ya hana tashi ba, injin na iya ci da man da ke layi ya yi nisa kaɗan, ya kuma zuƙi iska. A 7.3 gara a cire na kwamfutar da ke kunna injekta, haka ma a 6.0. Ɓoyayyen makunni da mai wayarin zai saka shi ma yana aiki, matuƙar ba a kafa shi a ƙasan sitiyari ta hagu ba, inda hannun kowane ɓarawo ke fara lalubawa. Bambancin shi ne makunni waya biyu ne, wanda ya gan shi ya gama. Ga motar da ta kai dubban daloli masu yawa, ga ɗaki a kai, mu dai muna ganin ƙarin kuɗin Ravelco ya cancanta, kuma babu abin da ya hana a haɗa ta da cire rile.

Janwe

Motar da ba ta tashi ana iya janta. Abin da ke taimakon mai ɗaki shi ne nauyi da tsayi: tan biyar ko fiye mai tsayin mita uku da rabi ba kowace janwe ke iya ɗauka ba. A ƙara wahalar da yadda ake fakin. A shiga da baya har ɗakin ya kusa taɓa bango ko katanga, a bar tazarar da ƙofar ɗakin ba za ta buɗu ba. Da haka an toshe ƙofar, kuma janwe ba za ta samu ɗaga tayoyin baya ba, waɗanda giya ta riƙe. A murɗe sitiyari har ƙarshe kafin a kashe. Hambirki kuwa kada a bar shi a ja tsawon watanni, yana manne wa, a sa waigi a tayoyi.

Abin da ake gani daga waje yana da nasa amfanin, tunda Ravelco ba ta hana a fasa gilashi kafin a gane mota ba za ta tashi ba. Sandar sitiyari irin The Club an daɗe da sanin lagonta: ba ita ake yankewa ba, sitiyarin ake yankewa da zarto a zare ta. Disklok na Ingila ya fi, don yana rufe sitiyarin gaba ɗaya kuma yana juyawa a banza in an murɗa shi. Girma-girma ne, a auna faɗin sitiyari kafin a saya. Maƙalar taya kuma sai wadda ta rufe notocin, in ba haka ba a kwance tayar a sa safaya. A mota mai tayoyi huɗu a baya, a gaba za a sa ta. Giranda mai batir tana cin kusan kowane ƙarfe in an ba ta lokaci, amma tana ƙara tana tartsatsi, kuma ɓarawo ba ya son ko ɗaya.

Ɗakin kansa

Wurare huɗu ne ke riƙe ɗakin a jikin mota, kowanne da sandar ɗauri. Masu amfani da FastGun na kamfanin Torklift sun san daɗinsa, hannu ɗaya za ka ja ya saki. Ɓarawo ma haka zai ja. Akwai makullansa da ake sayarwa guda huɗu masu buɗewa da makulli ɗaya, a saya, domin sandunan kansu ana sace su saboda tsadarsu.

In ɗakin zai kwana a kan mota, a sauke jak ɗinsa huɗu har su taɓa ƙasa a kan katako, su ɗauki kaɗan daga nauyin. Sifirin na baya ya huta, kuma motar ba za ta motsa ba sai an ɗage su duka. Daga nan a yanke musu wuta, a tafi gida da rimot da hannun murɗawa. Jak masu lantarki irin Happijac da Rieco-Titan ana iya murɗa su da hannu in an samu abin da ya dace da kansu, don haka jinkiri ne wannan, ba kulle ba.

In kuwa an sauke shi, hatsarin ya fi yawa. Ɗakin da aka bari a tsaye kan dogayen jak, duk mai akori-kura zai iya shigowa da baya ƙarƙashinsa, ya sauke shi a bodi, ya ɗaure da igiya ya fita. A sauke shi ƙasa sosai a kan madogaran da suka tallafi ƙasansa, yadda sai an ɗaga shi kusan mita ɗaya kafin mota ta shiga. Sannan a faka akori-kurar a gabansa, ƙarƙashin ɓangaren gadon da ya zarce, tunda ta nan kaɗai ake loda shi. A wannan tsari Ravelco tana tsare ɗakin ma, domin motar da ba ta tashi ita ce ta tare hanyar.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: a yawancin jihohin Amurka ana ɗaukar irin wannan ɗaki a matsayin kaya, ba abin hawa ba, ba shi da lambar mota, sau da yawa ba shi da takardar mallaka. Wanda ya sace shi bai sha wahalar sayarwa. A ɗauki hoton lambar ƙirarsa, a adana rasit, a kuma zana lambar a wurare biyu ko uku da ba a gani, kamar cikin kabad ko bayan durowa.

Sai maganar CH751. Wannan lamba ce da ke jikin makullin akwatunan waje na ɗakunan tafi-da-gidanka marasa adadi, na kamfanoni daban-daban, kuma duk iri ɗaya ne. Maƙwabcinka a filin ajiya mai yiwuwa makullinsa na buɗe akwatinka. A duba, in ita ce a canza. Noti ɗaya ke riƙe kowane kulle ta ciki, a auna tsawonsa, yawanci inci 5/8 ne ko 7/8 ko 1 da 1/8, a sayi masu zagayayyen makulli. Ƙofar shiga kuma ramin makulli biyu gare ta. Na mariƙin yawanci akwai babban makullin dilolin da ke buɗe shi, na sakatar shi ne abin dogaro, a kulle shi kullum.

Gaskiyar magana dai ƙofofin nan da tagogin marasa ƙwari ne, ƙarfen ɓanɓara zai buɗe su ko da wane kulle. Maganin shi ne kada a bar abin ɗauka. Janareta irin Honda EU2200i kilo 21 ne kacal, hannu ɗaya ake ɗaukarsa. Batiran litiyam, talabijin, kayan aiki, takardun mota masu adireshin gida, rimot ɗin gareji, duk su bi mai su. Akwatin tukunyar gas ba a sa masa kulle, ƙa'idar ƙira ce ta hana don a iya rufe gas cikin gaggawa, saboda haka ko a cire tukwanen ko a ratsa su da igiyar ƙarfe. A bar labule a buɗe, wanda ya leƙa ya ga ba komai. Murfin bayan bodi da aka cire don a ɗora ɗakin kada a jingine shi a filin, shi ma kayan kasuwa ne.

Ƙarƙashin mota

Abin tace hayaƙi da ke jikin salansa, wanda makanikai a Najeriya ke kira indomi, yana ɗauke da filatinam da faladiyam da rodiyam. A 2021 farashin rodiyam ya haura dala 25,000 kan oza ɗaya, satar kuma ta tashi tare da shi: NICB ta ce ƙorafin inshora a kai ya tashi daga 16,660 a 2020 zuwa 64,701 a 2022. Akori-kura tana da tsayi daga ƙasa, ba a buƙatar jak, mutum ya kwanta da zarton lantarki minti biyu ya gama. A filin ajiya layi guda ake bi a dare ɗaya. Garkuwar ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙasa ko igiyoyin CatClamp suna cinye haƙorin zarto. A zana lambar shasi a jikinsa a fesa fenti mai jure zafi. Motocin dizal daga wajen 2008 suna da matatar toka a salansa, ita ma da tsada.

Na'urar bin sawu da filin ajiyar

AirTag, ɗan ƙaramin abin bin sawu na kamfanin Apple, yana da araha, batirinsa na CR2032 kan yi kusan shekara, amma an ƙera shi ne don neman abin da ya ɓata. Sai wata wayar Apple ta gifta kusa yake ba da labari, wanda a filin bayan gari na iya ɗaukar kwanaki. Kuma yana tona kansa: yana ƙara in ya daɗe rabe da mai shi, wayoyin iPhone da Android kuma suna sanar da mutum cewa wani abu na binsa. A sa shi a matsayin na biyu. Na farko ya zama mai layin waya da batirin kansa, irin LandAirSea, da kuɗin wata-wata, a saita shi ya turo saƙo da motar ta motsa ko ta fita daga filin. A rage yawan rahoton da yake turowa don batirin ya kai, a kuma san ranar cajinsa. Tsofaffin da ke kan 3G sun daina aiki tun da kamfanonin wayar Amurka suka rufe layin a 2022. Ɗaya a mota, ɗaya a ɗaki, don ana raba su. Siginar tana ratsa roba da faiba amma ba ta ratsa ƙarfe, don haka murfin iyakwandishan na saman ɗaki ya fi ƙarƙashin shasi, kuma rumfar kwano na rage ta. Cikin kwantena kuwa ta ɓace ke nan. Motocin da ake sacewa a Kanada da yawa ta tashar jiragen ruwa ta Montreal suke fita, an kuma gano wasunsu a Najeriya da Ghana.

Filin ajiya shi ma a bincike shi kamar kaya. A karanta yarjejeniyar, kusan dukansu sun rubuta cewa ba su da alhakin sata. A tambaya ko kowane mai haya da lambar ƙofarsa, ko lamba ɗaya ce kowa ya sani har waɗanda suka bar wurin. A tsaya a ga ko mota biyu na iya wucewa a buɗewa ɗaya. A zagaya bayan katangar waya a nemi wurin da aka taɓa yankewa aka ɗinke. Kyamara kuma a tambayi kwana nawa take adana hoto, domin in mako biyu ne kai kuma sai bayan wata kake zuwa, ba ta amfane ka ba. Filin da mai kula ke kwana a ciki ya fi mai kyamara goma. A zaɓi gurbi kusa da ofis ko ƙarƙashin fitila, a guji layin ƙarshe na jikin katanga. A riƙa leƙawa duk mako biyu ko uku, in an lulluɓe motar a ɗaga mayafin a duba.

Inshora kuma kada a soke ta don mota ba ta tafiya. Ɓangaren da ke biyan sata da gobara da ƙanƙara shi ake bari, ana iya dakatar da na haɗari in dokar jiha da bankin da ya ba da bashi sun yarda. A sa a rubuta ɗakin da sunansa da lambarsa a takardar, a kuma tambaya a rubuce ko an rufe shi lokacin da yake a sauke, domin inshorar mota da yawa tana binsa ne kawai muddin yana kan bodi. A kuma gaya musu an saka Ravelco, wasu kamfanonin suna rage kuɗi kan na'urar da ke hana injin tashi, in an nuna musu takardar sakawa.